Gogen Tanko Ya Sake Fata a Sentul

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ara mini kwana har na ga ƙasarmu ta koma gasar waƙa ta ƙasa da ƙasa da ake nunawa a talabijin, bayan ta daɗe ba a jin ɗuriyarta a ciki. Zuwanmu na ƙarshe ina ƙaramin ma'aikaci a gidan rediyo, aikina riƙe jakar shugaban tawaga. A wancan karo mawaƙinmu ya hau dandamali cikin kwat, makaɗan wata ƙasa suka yi masa kiɗa da kayansu, aka yi masa tafin kara, muka dawo gida ba wanda zai iya faɗin abin da ya raba waƙarmu da ta kowa. Abin ya tsaya mini a rai har na yi ritaya.

Saboda haka da aka yanke shawarar komawa, aka kuma nemi in jagoranci tawagar zuwa Kuala Lumpur, kasancewar ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka je a da, sharaɗi ɗaya na gindaya: za a ji goge a kan dandamalin nan, a hannun mai shi, ba sautinsa da aka naɗa a na'ura ba. Aka amince. Aka zaɓi Rahila, wata yarinya 'yar Jos mai murya kamar an wanke, ta rera waƙar. Ni kuma na zaɓo Tanko, mai goge daga wani ƙauye a ƙasar Zariya, magidanci mai furfura jefi-jefi, wanda ya gaji sana'ar a wurin mahaifinsa, bai kuma taɓa shiga jirgin sama ba.

Mun sauka ranar wata Alhamis da hantsi. An horar da ni a zamanin da ake duba farcen ɗalibi kafin ya shiga aji, don haka takardun tawaga a jere suke cikin fayil, kowace da lambarta. Ba a sami abin cewa a fasfo ba, ba a samu a wasiƙar gayyata ba. Sai a teburin kwastan wata jami'a matashiya mai lulluɓi ta nuna jakar da Tanko ya rungume tun daga gida, ta ce a buɗe.

Ta ɗauki gogen da hannu biyu, ta duba ƙwaryar, ta duba tsagiyar, wato gashin wutsiyar dokin da ake gogawa, ta yi murmushi ta ce yana kama da wani abin kiɗa na garin kakarta. Sannan ta shafa fatar da ta rufe bakin ƙwaryar, ta ce da Turanci, "Fatar akuya ce, ko?" Tana tambayar tana miƙa wa Tanko kayansa.

Da na so in gyara labarin nan, sai in ce son gaskiya ne ya sa na buɗe baki. Ba shi ba ne. Abin da ya motsa ni shi ne jin an haɗa gogenmu da fatar akuya, kamar wata gangar wasan yara. Na gyara babbar rigata, na zaɓo Turancina mafi kyau, na yi mata bayani cewa ba a yin gogen kirki sai da fatar guza, guzan fadama kuwa, kuma wannan da take gani ta fi ta shekaru. Ta saurare ni har na kai aya. Sai murmushin ya ragu. Ta janye hannunta da gogen, ta ce mu yi haƙuri mu biyo ta.

A wani ɗaki mai sanyi aka ba mu kujeru da ruwan sha. Wani jami'in kula da namun daji ya zo, ya buɗe littafi, ya nuna mini hoton guza da sakin layin da ya shafe shi: ba a shiga da fatarsa ƙasar sai da takardar izini daga gida, wadda ba ta cikin fayil ɗina. Bai ɗaga murya ba, bai kuma bar wata kafa da mutum zai yi tunanin sa hannu a aljihu ba. Zaɓi biyu ya ba mu: ko mu bar gogen gaba ɗaya a wurinsu, ko a cire fatar mu wuce da saura.

Tanko ba ya jin Turanci, amma yana karanta fuska. Ya ce, "Ranka ya daɗe, me suka ce?"

Na gaya masa. Ya nuna fatar, ya ce:

"Babana ne ya ɗaura ta, shekarar da ya rasu."

Jami'in ya miƙo hannu zai taimaka a cire fatar, Tanko ya girgiza kai. A sana'arsu ba a bari baƙon hannu ya kware fatar goge. Ya ari wani ɗan ƙarfe, ya zauna a ƙasa, ya ciccire ƙananan ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a aljihu. Jami'ar nan ta tsaya har ya gama. Da ya miƙa mata fatar, da hannu biyu ta karɓa, ta ɗan rusuna, ta sa a ambulan. Na ga ma'aikata iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙwace abu a hannun mutum cikin irin wannan ladabi ba.

A waje Nasiru na jiranmu, wani Bakano mai neman digirin digirgir a can, wanda ƙungiyar ɗalibanmu ta wakilta ya zama idonmu a gari. Da ya ga ƙwarya tsirara a hannun Tanko, ya ji yadda aka yi, sai ya ce, "Baba Alhaji, ai nan ba a ƙara wa jami'i bayani lah. Abin da ya tambaya, shi ke nan." Wannan "lah" ɗin a bakin mutanen garin ya ɗauke shi.

An sauke mu a wani otal a Sri Petaling, kusa da babban zauren da za a yi gasar. Washegari bayan Juma'a na je wurin matar da ke tsara shirin, wadda kowa ke kira Puan, wato uwargida. Gajeriya ce, da allon takarda a hannu da na'urar magana a kunne, kuma idan ta ce ƙarfe uku, to ba uku da minti ɗaya take nufi ba. Ta saurari matsalarmu ba tare da ta tambayi wanda ya jawo ta ba, na kuwa gode mata a zuci.

Ta ce, "Gwajin ƙarshe na ƙasarku ranar Laraba ne, ƙarfe uku. Idan abin kiɗan ya yi sauti, mutuminku zai hau. Idan bai yi ba, muna da kiɗan da kuka aiko a naɗe, sai yarinyar ta tsaya ita kaɗai. Daga Laraba ba na sake tsarin kyamara don kowa."

Da na fassara wa Tanko, sai Rahila ta ce, "Baba Tanko, in ba ka hau ba ni ma ba na hawa."

Ya ce, "Ke rufe baki, ƙasa kika zo wa, ba ni ba." Sannan ya juyo gare ni. "Ranka ya daɗe, abu ɗaya ne. Mai gidan kallon ƙwallo na garinmu ya yi alkawarin buɗewa kyauta ranar. An yi karo-karo an sayi man janareto. Har tsohuwata ta ce a kai ta. Me zan ce musu, na zo na ga gari?"

Tun daga ranar ya ƙara yawan "ranka ya daɗe" a maganarsa da ni, yana rusunawa fiye da da. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Abin da na aikata ranar Asabar ba na alfahari da shi. Wani ɗan ƙasarmu da ake kira Ciyaman, wanda ba wanda ya san makarantar da yake ko aikin da yake yi, ya ji labarinmu ya bugo waya ya ce zai samo mana fatar guza a ɓoye. Nasiru ya gargaɗe ni. Amma ni da na yi aikin gwamnati har na gama ba a taɓa kirana gaban kwamiti ba, sai ga ni zaune tare da Tanko a wani shagon shayi na Indiyawa Musulmi, irin wanda suke kira mamak, a unguwar Setapak, ina jiran kayan da doka ta hana.

Ciyaman ya iso da sarƙa a wuya da waya biyu a hannu. Kafin ya ce komai ya yi odar gurasarsu mai mai da shayin madara, ya ci ya ƙara. Sannan ya waiga hagu da dama, ya zaro wani abu a ƙunshe cikin jarida.

"Baba, orijinal ce. Daga daji aka kawo ta jiya. Ni don ƙasa nake yi, wallahi."

Zanen jikin fatar na guza ne sak, har na fara hamdala. Tanko ya karɓa, ya shinshina, ya jawo kofin ruwan da ke gabansa ya tsoma ta. Fata takan sha ruwa ta yi laushi. Wannan kuwa ruwan gangarewa ya yi ta yi a kanta. Ya sa farce ya ɓare bayanta, sai ga zare a saƙe.

Ya ce, "Ciyaman, wannan guzan naka a masaƙa aka haife shi?"

Daga jakar hannu ta mata aka yanko ta; har ramukan ɗinki suna nan a gefe. Nan take ɗaya daga cikin wayoyin Ciyaman ta yi ƙara, ko kuwa ya ce ta yi, ya fita amsawa, ba mu sake ganinsa ba. Mai shagon, wanda ya ga komai daga bayan kaskonsa, ya kawo mana sabon shayi ya ce wannan nasa ne. Na sha ina tunanin cewa Allah ya rufa mini asiri da ta zama ta jabu.

Kwanakin nan ne kewar gida ta kama ni. Garin yana da kyau da tsari, jiragen ƙasansa suna zuwa kan lokaci, amma kullum da la'asar sai sama ta tsage, iska kuma jiƙaƙƙiya ce, rigar da aka goge da safe kafin azahar ta yi laushi. Abincinsu akwai zaƙi da kwakwa har a cikin miya. Na riƙa tuna kunun tsamiyar da uwargidana Hajiya ke dama mini, da kujerata ta ƙofar gida, ina tambayar kaina abin da ya fito da tsoho irina.

Ranar Lahadi Nasiru ya kai mu gidansa, hawa na sha huɗu a wani dogon bene a Setapak. Matarsa ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, da kukar da take tattali tun zuwanta na ƙarshe gida. 'Ya'yansu mata biyu suka durƙusa suka gaishe ni, na tambaye su da Hausa suka amsa da Turanci. Muna cikin ci sai wani kiɗa ya taso daga ƙasa, kakkaura, mai amsa-amo, hannuwa da yawa suna ba juna amsa.

Tanko ya tsaya da loma a hannu. "Wannan fa?"

Nasiru ya ce, "Biki ne na Malayawa, rakiyar ango. Kompang suke kiran gangunan."

"A cikin wannan laimar fata take kuka haka?" Tanko ya ajiye lomar. "Wanda ya ɗaura ta ya san abin da ban sani ba."

Ko hannu bai tsaya wankewa da kyau ba. Muka bi shi ƙasa. A farfajiyar benen an kafa rumfuna, maza kusan ashirin cikin riguna iri ɗaya suna tafe bayan ango, kowanne da ganga mai faɗi kamar faifai, fata a gefe ɗaya. Da suka gama, Tanko ya nufi babbansu ya yi sallama, ya nuna gangar, ya nuna idonsa. Mutumin ya miƙa masa. Ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga ta sama yana duban haske ta cikinta. Kafin mu yi bayanin kanmu an ja mu an zaunar, ana ta cewa "makan, makan," wato mu ci abinci, mu da ba a gayyata ba, muka kuma taso daga kan tuwo. Sai da muka ci shinkafar biki sannan babban nasu ya rubuta wa Nasiru kwatancen wanda ke ɗaura musu fata: Pak Daud, wato Baba Daud, a unguwar Sentul.

Litinin da sassafe muka hau jirgin ƙasa. Sentul tsohuwar unguwar ma'aikatan reluwe ce, yanzu dogayen gine-gine sun cinye ta, amma a bayan wasu shaguna muka sami wani ƙaramin gida mai rufin kwano da rumfa a gefe, fatu a rataye. Pak Daud ya girme ni. Siriri ne, da zane ɗaure a ƙugu da tabarau mai kauri. A ma'aikatar gyaran taragu ya yi aiki har ya yi ritaya. Da ya buɗe baki sai na ji irin Turancin da aka koya mana, mai cikakkiyar jimla, wanda yaran yanzu ba sa yi. Muka dubi juna kamar 'yan aji ɗaya da suka haɗu bayan rabuwa.

Na ba shi labari, wannan karon ban ɓoye wanda ya yi suɓutar baki ba. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Malam, mu da aka koya wa amsa tambaya da cikakken bayani, mun sha wahala a duniya." Sannan ya karɓi ƙwaryar, ya auna bakinta da tafin hannu.

Ya ce fatar kompang ta yi wa wannan kauri. Ya shiga ciki ya fito da fatar wata 'yar akuya, ya nuna wajen ciki inda ta fi taushi. Tanko ya murza ta tsakanin yatsu, ya taɓe baki, ya nuna da hannu cewa a rage. Pak Daud ya fasa wata tsohuwar kwalba, ya zaɓi ɓangare ɗaya, ya shimfiɗa fatar a kan katako ya fara kankara. Da farko ina tsakaninsu ina fassara, daga Hausa zuwa Turanci, daga Turanci zuwa Hausa. Can na lura ba mai saurarona. Ɗaya ya kankara ya miƙa, ɗaya ya ɗaga sama ya duba ya nuna inda ya rage. Sai da ta kai Tanko na ganin inuwar yatsunsa ta bayanta sannan ya ce, "Yauwa." Pak Daud ya ce, "Boleh," wato ya yi. Na ja kujera gefe na zauna ina kallon mutum biyu da ba su da kalma ɗaya ta tarayya sai sallama da bisimilla, suna aiki kamar shekara goma suka yi a rumfa ɗaya.

Suka jiƙa fatar, suka ja ta a bakin ƙwarya, Pak Daud na riƙewa, Tanko na kafa ƙusoshin da ya tara a aljihu. Saɓani bai taso ba sai da aka gama. Rana ta fito tarwai, Tanko ya ɗauki gogen zai kai tsakar gida ya shanya, yadda ake yi a wurinmu: awa kaɗan a rana, fata ta bushe ta ɗaure. Pak Daud ya tare ƙofa.

A nan suka buƙace ni. Pak Daud ya ce, "Gaya masa ranar garin nan maƙaryaciya ce. Fatar da ta bushe a cikinta za ta yi ƙara da azahar, da la'asar ruwa ya sauko ta saki kamar tsumma. A inuwa za ta bushe, ƙarƙashin fanka, a hankali, ta saba da iskar da za ta zauna a ciki. Kwana biyu."

Na lissafa. Kwana biyu ya kai mu safiyar Laraba, ba sauran damar gyara in an yi kuskure.

Tanko ya ce, "Ranka ya daɗe, tun kakana a rana muke shanyawa."

Na ce, "Kakanka ya taɓa shanya fata a garin da ake ruwa kullum?"

Ya dubi gangunan da ke rataye, ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa ɗaya, ta amsa masa tsaf. Sai ya juya ya ajiye gogen inda tsohon ya nuna. Amma ya ce shi ba ya barin gogensa ya kwana a gidan wani ba ya nan. Da na fassara, Pak Daud ya shiga ya fito da tabarma da matashi. Kwana biyu Tanko ya yi a gidan, matar tsohon tana ciyar da shi, suna tafiya masallaci tare.

Ranar Talata na koma duba su. Da la'asar ruwa ya sauko, muna zaune a rumfa ni da Tanko, ƙarar kwano ta hana mu jin komai sai juna. Na ce, "Tanko, ni na jawo maka wannan. Ba don gaskiya na yi magana ba, don fahariya na yi. Ka yafe mini."

Ya dubi gogen da ke ƙarƙashin fanka. Sannan ya ce, "Alhaji, da ka ce mata akuya ce, da ni ma na ji haushi. Bambancinmu, ni ba na jin Turanci." Ya yi dariya, na yi. Ranar ce ya fara kirana Alhaji kawai.

Laraba da hantsi Tanko ya ɗanɗana fatar da farce, ya huda ramin da sauti ke fita, ya ja tsagiya, ya kafa jaki, wato ɗan itacen da ke ɗaga tsagiyar a kan fata. Ya shafa wa bakan gogen ƙaro, ya yi bisimilla, ya goga.

Abin da ya fito ba ya saurarawa. Ƙara ce mai kaushi da karkarwa, kamar ana jan ƙofar kwano. Ya matsar da jaki, ya sake. Haka. Na dubi agogo, sha ɗaya ta wuce.

Pak Daud bai ko ɗaga kai ba. Ya buɗe wani gwangwani ya ɗebo kakin zuma, ya mulmula kamar ƙwayar gyaɗa, ya dubi Tanko yana neman izini. Tanko ya gyaɗa kai. Tsohon ya manna shi a kan fatar kusa da jaki. Ya ce haka masu gogen ƙasarsu suke yi idan fata ta cika surutu. Tanko ya goga, karkarwar ta ragu. Tsohon ya ɓamɓare ya matsar da shi kaɗan. Aka sake. A karo na uku sai muryar ta fito: ta fi ta da kauri, akwai ɗan dishi a ƙasanta, amma tana tafiya santal ba gargada. Tanko ya rufe ido ya bi ta sama da ƙasa. Matar Pak Daud ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya.

Da ya tsaya ya ce, "Ba muryar gogen babana ba ce."

Na ce, "Za ka hau da ita?"

"Zan hau. Shi ma da ya ɗaura waccan, ba muryar gogen kakana ya samu ba."

Pak Daud ya ƙi karɓar komai a hannuna. Ya ce in dai da hali, a ba shi kujera biyu a zauren.

Muka isa Sri Petaling ƙarfe uku saura kwata, ruwa na bin mu, gogen a cikin rigar Tanko. Zauren sanyi ƙalau saboda na'urori, na tsorata kada fatar ta canza hali. Sai ma ƙara ɗaurewa ta yi. Puan ta duba agogo ta ɗaga yatsa. Tanko ya goga, Rahila ta shiga. Mai kula da sauti, wani Basine mai ɗaure da gashi, ya cire abin kunnensa ya leƙo ya ga abin da ke yin wannan kuka, ya mayar. Da aka gama Puan ta rubuta wani abu a allonta, ta ce, "Boleh. Kyamara ta biyu za ta fara da hannunsa." Ta wuce ga ƙasa ta gaba.

Rahila ta ce, "Baba Tanko, wallahi ya fi na da daɗi."

Ya ce, "Ke da kika san na da ɗin wata uku? Je ki gyara numfashinki a baiti na biyu, kina haɗiye shi."

Ranar Asabar aka yi gasar, ƙarfe takwas a can, ɗaya na rana a gida. Ƙasashe sun zo da abubuwan mamaki, da wuta da hayaƙi da 'yan rawa, na kuma jinjina wa masu masauki yadda komai ya tafi ba tangarɗa. Ba mu ne muka ɗauki kofi ba. Waɗanda suka ɗauka sun cancanta.

Ina tsaye a bayan labule lokacin da aka kira ƙasarmu. An ba ni kujera a sahun manyan baƙi, amma na kasa zama. Tanko ba ya kiɗa da takalmi, don haka a bakin dandamali ya tuɓe su. Wani ma'aikaci ya yi nuni da sauri cewa ba a barin komai a hanyar kyamara. Rahila ta riga ta fita, Nasiru yana cikin 'yan kallo, ba kowa kusa sai ni. Na sunkuya na ɗauka.

Aka rage fitilu. Tanko ya zauna a kan buzunsa a tsakiyar wannan makeken wuri, ya ɗora gogen a cinya. Kafin wata murya, kafin wani kiɗa, shi kaɗai ya fara. A babban allon da ke gefena na ga hannunsa ya cika fuskar talabijin, da fatar akuyar, da ɗan kakin zuman. Zauren ya yi tsit. Na san a daidai lokacin akwai wata rumfar kwano a ƙasar Zariya cike da mutane, janareto na ruri, an zaunar da wata tsohuwa a gaba. Sai Rahila ta ɗauka, gogen ya bi ta, ta hau ya hau, ta sauko ya tare ta. Da suka kai ƙarshe, tafin da aka yi ba na kara ba ne. A sahu na biyar na hango wani siririn tsoho ya miƙe tsaye, matarsa na jan rigarsa ya zauna.

Tanko ya fito yana haki, gumi ya jiƙa masa hula. Ya duba ƙasa inda ya bar takalmansa bai gani ba. Sai ya ɗago ya gan su a hannuna, a kan babbar rigata mai aiki.

"Alhaji, takalmana ne ka riƙe?"

Na ce, "Naka ne."

"Subhanallahi. Kawo, kada a gani."

Na ce, "A gani." Na durƙusa na ajiye su a gabansa, na daidaita masa su. "Sa ƙafa, wayarka tana ta ƙara a aljihuna. Ina jin daga gida ne."